Abin da Ke Shanye Batir ɗin Surukina

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran wutar mota a garin Chilecito na ƙasar Argentina, kuma hannuna ya shiga wurare da yawa da bai kamata hannun mutum ya shiga ba. Na ciro mushen ɓera daga bayan sitiyari, na ciro naman da direba ya manta a ƙarƙashin kujera tun Kirsimeti. Duk ban taɓa yin amai a wurin aiki ba sai ranar da ƙanwata Nélida da mijinta Osvaldo suka shigo garejina da motarsu mai ɗaki.

Ranar Talata ce, cikin Janairu, ana zafin da kwalta ke kama takalmi. Motar fara ce doguwa, da gado a ciki, da ɗan kicin, da banɗaki, da faifan sola biyu a kan rufi. Osvaldo ya saye ta bayan ya yi ritaya daga wani ofishin inshora a Rosario, kuma wata huɗu ke nan suna yawo a cikinta. A bayanta ya sa an rubuta sunayensu, nasa ya ninka nata girma.

Nélida ce ta fara saukowa, rungume da wata 'yar jaka. Ko gaishe ni ba ta tsaya yi ba, ta wuce cikin gida kai tsaye wurin matata Irma. Na san abin da ke cikin jakar. Ƙanwata tana da ciwon suga tun tana shekara arba'in, allurar insulin take yi wa kanta sau huɗu a rana, kuma maganin nan in ya sha zafi ba shi da maraba da ruwa. Sai da ta saka shi a firjinmu sannan ta fito ta rungume ni. Ta rame, har na ji ƙashin kafaɗarta a tafin hannuna.

Osvaldo ya sauko da filas a hammata da ƙoƙon mate a hannu, kamar kullum, wato shayin ganyen nan namu da ake zuƙa ta tsinken ƙarfe. Ya bubbuga min baya kamar mai kaɗe katifa.

"Suruki, na kawo maka ɗan ƙaramin aiki. Ni na riga na gano matsalar, kai dai ka duba ka tabbatar."

"Mece ce matsalar?"

Ya nuna matarsa da leɓe. "Ga ta nan tsaye."

Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya shiga bayani. Batiran ɗaki ba sa riƙe wuta. Rana ta yini tana dukan sola, amma kafin la'asar wuta ta yi ƙasa, firji ya ɗauke. Dalili kuwa, a cewarsa, ƙanwata ce. Ita ke buɗe firji kamar mai leƙen maƙwabta, ita ke barin fitilar banɗaki a kunne, ita ke cajin waya don kallon hotunan jikoki. Ya ce ya kwance fankar da ke gefen gadonta ya ɓoye, ya liƙe soket biyu da salatif, amma a banza, domin mace in ta sa kanta sai ta samu hanya.

"Gobe da safe za mu hau arewa, can saman duwatsu," in ji shi. "Kwana biyar babu gari. Ka yi mata magana, kai yayanta ne, wataƙila ta ji taka."

Kwana biyar babu gari yana nufin kwana biyar babu kantin magani. Na dubi Nélida, ita kuma tana duban ƙasa. Ban taɓa son mutumin nan ba, tun ranar da ya zo neman aurenta yana gyara wa mahaifinmu yadda ake hura gawayi. Amma na haɗiye, na ɗauko mita na hau motar.

Warin ne ya fara tarbata. An rataye katin turaren mota har guda bakwai, a madubi, a ƙofar banɗaki, a jikin labule, kowane da nasa ƙamshin. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani abu mai tsami, mai ɗumi, irin wanda ke tsayawa a maƙogwaro. Ƙananan ƙudaje suna shawagi ƙasa-ƙasa, ba sa zuwa wurin abinci, sun fi son wajen bencin da ke bayan kujerar direba.

"Tankin banɗaki ne ke yoyo?" na tambaya.

"Cukun da take saye ne," in ji Osvaldo daga bayana. "Na gaya mata cukun akuya ba na mota ba ne."

Na fara daga inda ake farawa. Na hau rufi na auna sola, suna ba da wuta lafiya lau. Ina can sama na ji ƙwan, ƙwan, ƙwan daga cikin motar, kamar ana buga katako, ban kula ba. Na sauko na tayar da injin, shi ma yana caji yadda ya kamata. To, wuta na shiga. Saura a san inda take tafiya.

A akwatin fis mita ta nuna sha biyu da ɗigo uku. Ba daɗi, amma ba mutuwa ba. Na ce wa Nélida ta kunna firji. Yana tashi lambar ta faɗi zuwa goma da ɗigo takwas, firjin ya yi tari sau biyu ya mutu, lambar ta koma sama kamar ba ita ba. Muka sake, haka. Muka sake, haka. Ɗan firjin nan bai fi fitila uku jan wuta ba, babu dalilin da zai durƙusar da manyan batira biyu, sai in hanyar da wutar ke bi ta kusa tsinkewa.

Osvaldo yana tsaye a kaina yana zuƙar mate har ƙoƙon ya yi ƙara. Ya sake zuba ruwan zafi ya miƙo min, na karɓa na sha na mayar. Nélida bai miƙa mata ba. Ganyensa ba mai taɓa masa, shi ke zubawa, shi ke jiƙawa, shi ke juyewa in ya salance, don a ganinsa duk Argentina shi kaɗai ya iya haɗa mate.

Na kashe komai. Na zare fis ɗaya bayan ɗaya, na fitilu, na famfo, na soket, na firji, har akwatin ya zama fayau. Na cire wayar sola. Yanzu ko ƙanwata mayya ce ba ta da inda za ta sha wuta. Na bar mita a manne na je na gyara fitilar wata tarakta. Bayan awa ɗaya da rabi na dawo, lambar ta sauka da ɗigo biyu.

"Ka gani," na ce masa. "Babu abin da ke kunne, kuma wuta na tafiya. Matsalar tana wurin batiran. Ina suke?"

Ya dafa bencin nan na bayan kujerarsa. Katako ne mai sheƙi, shi ya goge shi da hannunsa ya shafa masa fenti har shafi uku, an ɗaure murfin da kusoshin murɗi goma sha shida.

"Nan ba a buɗewa. Irin batiran nan ne da ba sa son a dame su, wanda ya sayar min ya ce shekara biyar kada kowa ya taɓa. Masu gyara biyu sun so su fasa min shi, na ce su bi a hankali. Kai dai sake duba firjin, suruki. Wataƙila robar ƙofar ce ta saki saboda yawan buɗewa."

Na buɗe baki zan faɗi abin da ke raina, sai Irma ta kira mu cin abinci. Ta soya empanada, fulawar nan da ake naɗe nama a ciki, ta fito da jan giya. Na lura duk lokacin da kofin Osvaldo ya yi rabi sai ta cika masa, kuma na lura ita da Nélida ba sa haɗa ido. Ya ci goma sha ɗaya, ya koya wa Irma yadda ake naɗe bakin empanada a Rosario, sannan ya miƙe a gadon lilo na zane a ƙarƙashin inabi ya rufe fuska da hula. Kafin a kwashe kwanuka ya fara minshari.

Na koma gareji, Nélida ta biyo ni. Ita ta ɗauko sukuddireba daga kan teburina ta miƙo min.

"Awa uku yake yi, Yaya. Da giya yakan kai huɗu."

Na kwance kusoshin na jera su yadda suka fito. Tun a na goma warin ya fara fitowa ta tsagar. Da na ɗaga murfin sai wani tururi mai ɗumi ya bugi fuskata, ƙudaje suka tashi kamar hayaƙi.

Ban ga batir ba. Abin da na gani tudu ne, cike da akwatin har baki. Samansa kore ne shar, jiƙe, na ranar nan. Ƙasa da shi ya yi baƙi ya dunƙule, farar funfuna ta lulluɓe shi kamar auduga. Ga ɓawon lemo, ga tsinken sakace. Na sa sukuddireba na ɗan tona, abin ya buɗe da wani sauti irin na ƙafa a cikin laka, sai ga tsutsotsi farare, ƙosassu, suna birgima a kan juna. A can ƙasa baƙin ruwa ne kwance yana kumfa.

Na fita da gudu na durƙusa bayan tsofaffin tayoyi. Empanada shida na ci, duk suka dawo.

Da na wanke baki na dawo, na ɗaure hanci da tsumma na nemi ta inda abin ke shiga. Ban sha wahala ba. A gefen bencin, daidai inda hannun direba zai kai in ya miƙa shi baya, akwai rami zagayayye mai faɗin bakin ƙoƙo. Ramin shan iskan batira ne. An ɓalle ragar da ke rufe shi, bakinsa ya rine kore, katakon ya lotsa saboda bugu. Wata huɗu, sau takwas ko goma a rana, surukina yana juye ganyen mate da ya gama sha a kan batiransa, yana zaton a titi yake zuba.

Sauran bayani ko makaho ya gani. Jiƙaƙƙen tudun ya kwanta ya haɗe kawunan batiran, yana tsotsar wuta a hankali ba hutu. Danshi da ruwan batir sun cinye babbar wayar, ta yi kore ta rugurguje, da na taɓa ta sai na tarar silin tagulla uku kacal suka rage. A kan silin nan uku rayuwar ƙanwata take rataye.

"Bari in taso shi," na ce. "Da wuya zan kamo shi in tura kansa ciki, ya gaisa da tsutsotsinsa."

"Ba za ka tashe shi ba."

Na juyo. Tana zaune a bakin gado, hannuwa a cinya. Ko hanci ba ta toshe ba, kuma babu alamar mamaki a fuskarta.

"Kin sani."

"Tun muna Córdoba."

"Tun Córdoba, Nélida? Wata uku kina kwana a kan wannan?"

"Rage murya. Na faɗa masa, Yaya, kada ka ɗauke ni sakarya. Tun a can na ce, tsoho, ni fa in mun tashi daga wuri ban taɓa ganin ganye a ƙasa ba, anya ramin nan yana fita? Ka san abin da ya yi? Ya ce yaushe na zama injiniya. Daga ranar ya fara jefa ɓawon lemo a ciki, yana jefawa yana kallona."

Sai ta ba ni labarin abin da ya faru a garin San Luis, wanda a waya ta ce min wai mura ce ta kwantar da ita. Wani mai gyara a can ya ce dole a buɗe bencin, ya kuma yi kuskuren cewa da alama mai motar bai kula da batiransa. Osvaldo ya shiga ya tayar da mota, wayoyi na reto, ya yi tafiyar kilomita ɗari uku don huce haushi. Firji ya mutu a hanya. Ta yi kwana biyu tana yin allura da lalataccen magani, a na uku aka kwashe ta zuwa asibiti ba ta san inda kanta yake ba.

"Ya kawo min furanni," ta ce. "Ya gaya wa likita wai alawa nake sha a ɓoye."

"To ba inda za ki. Ɗakin 'yarmu yana nan ba kowa. Shi ya hau duwatsunsa da tsutsotsinsa."

"Shekara talatin da huɗu, Yaya. Ba rabuwa na zo nema ba, da ita nake so da na yi tun ina da haƙoran kirki. Kuma tafiyar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Tun muna yara nake son ganin tafkunan can sama, kai shaida ne. Ni ce na matsa sai mun biyo ta nan, na ce ina kewar Irma. Magani mai sanyi kawai nake so."

"To ya ji gaskiya, ya daina."

"Ba zai daina ba. Zai ce ƙarya kake, kai ka zuba don ka ci masa mutunci. Batiran nan yaushe za su cika?"

Na ce sai sun kwana a kan caja, in ma sun farfaɗo.

"To in ka kunyata shi, yau zai tayar da mota. Ni kuma zan shiga, ka san zan shiga. Ka zaɓa."

Na daɗe ina kallonta. Yarinyar nan ni na koya mata hawa keke, ita ce ta taɓa fasa wa wani ɗan ajinmu baki don ya zagi mahaifiyarmu. Haushinta na ji, ba zan ɓoye ba, har ya kusa kai wanda nake ji na mijinta.

"Shi ke nan. In wanke, in canza waya, in toshe ramin."

"In ka toshe zai buɗe da wuƙa. Yana alfahari da ramin nan, duk wanda muka haɗu da shi a hanya sai ya nuna masa. Ka sa masa bututu. Ya ce ramin a titi yake zuba, to ka mayar da shi mai zuba a titi."

Na yi dariyar da ba ta daɗi ba. Wato ni Ubaldo, da furfurata, in zauna in ƙera wa wawa gaskiya da hannuna. Na duba agogo, saura awa biyu da rabi.

Bokiti uku na cika. Na sa safar roba, amma ruwan ya bi ta wuyan hannu ya shiga ciki, ina jin wani abu na motsi a tsakanin yatsuna ban tsaya dubawa ba. Ƙasan tudun ya daskare sai da na sa cokalin magina na kankare. Nélida tana karɓar bokiti tana kaiwa bakin ƙofa, Irma tana ɗauka ta bayan gida don kada a wuce ta gaban mai barci.

"Kada ka kuskura ka zuba wa kajina," in ji Irma, zanenta a hanci. "Kuma yau ba za ka taɓa min burodi da hannun nan ba."

Na wanke batiran da ruwan da na kaɗa garin soda a ciki, suka yi ta kumfa. Na yanke ruɓaɓɓiyar wayar na sa sabuwa mai kauri, na sa sababbin kawuna na shafe su da giris. Na huda wa akwatin wata mashaƙar iska ta gefen mota, can ƙasa inda idonsa ba zai kai ba. Sannan na ɗauko guntun bututun ruwa na roba, na haɗa shi da bakin ramin Osvaldo, na karkata shi ya bi kusurwar akwatin, na huda daɓen motar na fitar da shi ƙasa. Na liƙe kowace gaɓa da gam, yadda ko ɗigo ba zai koma kan batir ba. Na shafa wa cikin bututun baƙin mai don kada ya yi sabo a ido.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne aikin ya yi kyau. Ban taɓa yin haɗi mai tsafta irin wannan ba.

Na mayar da kusoshi sha shida kowace a raminta. Nélida ta share garin katako, ta goge bencin da gefen siket ɗinta. Muna jona caja muka ji tarinsa daga wajen inabi.

Ya shigo yana miƙa, fuska duk shatin hula. Na nuna masa guntun tsohuwar wayar, wadda na riga na wanke tas.

"Ga ɓarawonka. Waɗanda suka haɗa motar ne suka sa waya marar kyau, ta ruɓe daga ciki."

Idonsa ya tafi kan bencin. "Ka buɗe?"

"Ta ƙarƙashin mota na bi. Wa zai taɓa maka wannan fenti?"

Ya shafa katakon, ya juya wayar a hannunsa, fuskarsa ta washe. "Ai na faɗa. Tun ranar da na karɓi motar na ce wayoyin nan ban yarda da su ba. Tsohuwa, ban faɗa ba?"

"Ka faɗa," in ji ƙanwata.

"Har warin ma ya ragu, ka ji? Wayar ce ke ƙonewa ashe." Ya ɗaga yatsa. "Amma ke ma da naki. Waya ba ta ruɓewa haka kawai sai an matsa mata. A rage buɗe firji."

Ina riƙe da sifana mai lamba sha tara a lokacin. Na ajiye ta a kan tebur a hankali, na sa hannuwana a aljihu.

Washegari da safe na cire caja na bar batiran suka huta. Mita ta nuna sha biyu da ɗigo bakwai. Na kunna firji, ya tashi sumul, lambar ta ɗan sunkuya zuwa ɗigo huɗu ta tsaya cak. Na kunna fitilu duka, na kunna famfo, na tono fankar Nélida daga inda ya ɓoye ta na ɗaura na kunna, lambar ba ta motsa ba. Na ce masa batiran suna bukatar a riƙa jan wutarsu, in ba haka ba su yi sanyi, don haka fankar nan dole ta yini tana aiki. Wannan ƙaryar ita kaɗai na ji daɗin yi.

Nélida ta ɗauko jakarta daga firjin Irma. Ta jera kwalaben a cikin nasu, ta bar hannunta a ciki ta ɗan jima tana jin sanyin, sannan ta rufe.

Osvaldo ya hau kujerarsa ya kira ni da hannu. "Zo, suruki, kai mai son dabara ne, bari in nuna maka wani abu kafin mu tafi." Ya miƙa hannu baya, ya kifa ƙoƙonsa a bakin ramin ya buga sau uku. Dunƙulen ganye ya faɗo ta ƙarƙashin motar, ya fashe a kan simintin garejina.

Ya leƙo ta taga ya gani, ya kwashe da dariya. "Ka gani? Kai tsaye ƙasa. Wata huɗu ina gaya wa ƙanwarka, ita wai ba ta taɓa gani ba. Tsohuwa, sauko ki gani da idonki, don Allah."

Ta sauko. Ta sunkuya, hannu a gwiwa, ta dubi ganyen a ƙasa kamar yadda aka ce ta yi.

"Gaskiyarka ne, tsoho. Ni ce ban duba da kyau ba."

Ya zuba sabon ganye, ya jiƙa, ya zuƙe na farko da kansa, ya sake cikawa ya miƙo min ta taga. Bakin tsinken ƙarfen yana sheƙi da yawunsa, warin jiya kuma yana nan a ƙarƙashin farcena. Nélida tana tsaye a bayan ƙofar motar tana kallona, ba ta ƙifta ido. Na karɓa na sa a baki, na shanye har ƙoƙon ya yi ƙara.